Ranar da Babu Layi

Abu ɗaya tak Inna ta roƙi 'ya'yanta, shi ma ba wani abin a zo a gani ba ne. So take a kai ta wurin wasannin da aka gina a tsohon garinsu, a sa ta a babban lilon nan mai kama da ƙafar keke, ya ɗaga ta sama ta hango gidanta.

Gidan yana nan, sai dai ba ya shiguwa. A rukunin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa yake, inda ta yi shekara ashirin da shida da marigayi mijinta. Bayan an tashe su wani kamfani ya saye filin, ya zagaye shi da katanga mai tsayin mutum biyu, ya zuba masu gadi, ya bar gidajen a tsaye bai rushe ba bai gyara ba. Wata tsohuwar maƙwabciya ce ta bugo waya ta ce jikarta ta hau lilon, wai daga can ƙoli ana ganin komai: layin gidajen, famfon bakin hanya, har da bishiyar mangwaron da Baba ya dasa a bayan kicin. Tun daga ranar Inna ba ta da wata magana sai wannan.

A watan ne kuma likitan ido ya zaunar da 'ya'yanta biyu, Yaya da Auta, ya gaya musu gaskiya ba ƙumbiya-ƙumbiya. Hawan jinin ido ne. Abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa rage masa gudu kawai zai yi.

"In akwai abin da take son gani," in ji likitan, "kada ku ja lokaci."

Auta ta ji maganar har cikin ƙashinta. Yaya kuwa ya gyaɗa kai, ya ciro ɗan littafinsa daga aljihun gaba ya rubuta.

Auta tela ce. Ɗakin gaban gidanta shi ne shagonta, keken ɗinki biyu da teburin yanka da teburin guga, Inna kuma a wurinta take zaune. Tsohuwar ba ta iya zama haka nan, don haka ta karɓe aikin maɓalli gaba ɗaya. Tana da kujerarta a bakin taga da gwangwanin maɓallai a cinya, kuma duk rigar da ta fita daga shagon hannunta ya bi ta kai.

Yaya ma'aikacin sashen hanyoyi ne, aikinsa ƙirga motoci. Zai kafa laima a mahaɗar titi da wani ɗan ƙarfe a hannu, duk motar da ta wuce ya danna, ƙas. Da wannan ƙirgar ake sanin inda za a sa fitila da inda za a faɗaɗa hanya. Shekara goma sha tara yana yi, aikin ya shige masa jini. Mutum ne da ko takalmi zai saya sai ya zagaya kasuwa sau uku a ranaku daban-daban. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Yana son uwarsa. Shi ne mai mota, shi ne babba tun rasuwar Baba, kuma Inna ba ta taka ƙofar gida zuwa wata tafiya sai ya ce to.

Ranar Asabar da ya zo gaisuwa kamar yadda ya saba, Auta ta ajiye almakashi ta ce, "Yaya, mu kai ta Asabar mai zuwa. Na rufe shago ranar."

"A cikin damina?" Ya dube ta kamar ta ce a tafi da ƙafa. "Kin san da iska ta taso ake tsayar da lilon? Mu ɗauko tsohuwa, mu yi tafiyar awa huɗu, mu tarar an rufe. Ki bari a duba lokacin da ya fi dacewa. Sau ɗaya za a yi abin nan, a yi shi daidai."

Inna ta ce daga bakin taga, "Gaskiyar yayanki ne."

Abin da ya fi ƙona wa Auta rai ke nan game da Yaya: kullum da gaskiyarsa. Ba ka taɓa kama shi da maganar banza. Kowane dalili ya kawo a tsaye yake da ƙafafunsa, sai ka rasa ta inda za ka ture shi, ka koma kana cizon yatsa kai kaɗai.

Bayan mako biyu ya iso da kwali a naɗe a hammata. Ashe ya samo wani abokin aikinsa a can garin, ya roƙe shi ya riƙa tsayawa a ƙofar wurin wasannin yana ƙirga motocin da ke shiga, Talata da Alhamis da Asabar. Shi kuma ya ja layuka a kwalin, makonnin shekara hamsin da biyu, kowane da gidansa. Ja na nufin cunkoso. Rawaya dama-dama. Kore shi ne abin nema. Ya nemi ƙusa, ya kafe kwalin a bangon shagon Auta, daidai saman teburin guga, inda dole ta gan shi duk sanda ta ɗaga kai.

"Gidajen duk fari ne ai," in ji Auta.

"Za su cika. Ba a yanke hukunci a kan hanya sai an ga shekararta."

"Inna hanya ce?"

Ya yi kamar bai ji ba. Ya ja da baya yana duba ko kwalin ya karkace.

Damina ta wuce, aka shiga hutun makaranta. Auta ta ce to ga sarari, ba ruwa ba iska. Yaya ya nuna mata gidaje shida a jere jajur. Abokinsa ya auna layin lilon da agogo, awa biyu da minti goma.

"Ni zan tsaya a layin," in ji ta. "Ita ta zauna a inuwa. In an zo kaina na ɗauko ta."

"Ba a riƙe wa mutum layi a can. Na tambaya."

"To ta tsaya. Macen da ta yi shekaru tana layin famfo da bokiti biyu?"

"Lokacin ba ta kai saba'in ba."

Aka koma makaranta, sai sanyi ya shigo, Inna ta yi ɗan tari na kwana huɗu. Shi ke nan, Yaya ya samu. Wai a can sama iskar ta ninka ta ƙasa, ba zai kai uwarsa ya dawo da ita asibiti ba. Sanyi ya tafi, zafi ya zo, sai ya ce kujerun lilon ƙarfe ne, kuma rana tana dukan ido, ai likita ma ba zai so ba. Akwai wani mako a tsakani da ya fito kore shar, Auta har ta goge wa Inna kayan tafiya. Sai ya ce kore ɗaya ba hujja ba ce, ƙila abokinsa ne ya makara zuwa ƙirga. A bari a ga ko zai maimaita.

Auta kuwa tana da nata ma'aunin, ba a kwali yake ba. Da farko Inna ta daina iya zura zare, sai Auta ta riƙa zura mata allura goma da safe ta soke su a jikin matashi. Daga nan ta sa baƙin maɓalli a tsakiyar shuɗaye. Sannan wata rana ta jera wa rigar wani malamin makaranta maɓallai a bayan ƙyalle, ta ciki. Sai Inna ta shiga sallah Auta take warwarewa ta sake, da sauri, kamar mai sata a gidanta. Akwai safiyar da ta ga tsohuwar ta tsiyaya shayi a gefen kofi, yana zuba a tire, tana ta tsiyayawa har sai da zafin ya taɓa mata yatsa. Auta ta shiga kicin ta rufe ƙofa ta yi kukanta.

Amma in Asabar ta zo, sai ka rantse Inna lafiyarta ƙalau. Tun kafin a ji ƙarar motarsa za ta zauna a kujerarta, ta gyara ɗankwali, ta riƙe wata riga da aka riga aka gama. Ba ta tashi har ya tafi. In ya ce, "Inna, yaya idon?" sai ta ce, "Da sauƙi sosai, Babba. Maganin nan yana aiki." Shi kuma ya rubuta.

A wata na takwas Auta ta gaji. Ta je tasha ta yanko tikiti biyu na motar safe, ta dawo ta ajiye su a cinyar Inna.

"Gobe za mu tafi, ni da ke. In layin awa biyar ne mu tsaya."

Inna ta lalubi takardun, ta shafa su da yatsa. Auta ta ga yadda bakinta ya motsa, ta san tana so. Amma sai ta miƙo su.

"Yaron nan wata takwas yana wahala a kaina. Har mutum ya sa a rana yana ƙirga. In tsallake shi in bi motar haya, ya ji a bakin wa? Ki mayar."

"Inna, idonki fa."

"Idona nawa ne. Ki mayar na ce."

Ba ta mayar ba. Ta cusa su a jaka, ta saka mayafi, ta nufi mahaɗar da Yaya yake aiki a makon. Ta same shi a ƙarƙashin laimarsa a kan kujerar roba, da hular rana, idonsa a kan titi. Ta tsaya a kansa ta zazzage masa komai: allurai, maɓallan ciki, shayin da ya zuba a tire. Tana magana yana dannawa. Ƙas. Ƙas. Babbar mota ta wuce, ya sauya hannu ya danna ɗaya ƙarfen, na manyan motoci.

"Yaya, magana nake maka."

"Ina jin ki. Ba na iya ɗauke ido, sai ƙarfe biyu na rana." Ƙas. "Ni duk Asabar ina tambayar ta, ta ce da sauƙi. Ke kin fi ta sanin idonta ne?"

"A gidana take kwana."

"Kin cika gaggawa, Auta, tun kina yarinya. Saura kaɗan. Na riga na gano inda abin yake. Talata ta biyu bayan an koma makaranta, a ƙarshen damina. Ruwa ya wanke sama, ba zafi ba sanyi, yara suna aji, ma'aikata suna ofis. Za ki gode min."

"Wata uku ke nan nan gaba."

"Wata uku da kwana huɗu."

Da ba a bakin titi suke ba, da ba wanta ba ne, da Allah kaɗai ya san abin da za ta yi da laimar nan. Haushinsa take ji, da haushin Inna mai rufa masa asiri, da haushin kanta da ta kai shekara talatin da takwas ba ta iya ɗaukar uwarta ta sa a mota ba sai an ba ta izini. Ta juya ta tafi, tana jin ƙas-ƙas ɗin a bayanta har ta sha kwana.

Ranar ta zo, kuma a faɗi gaskiya, rana ce mai kyau. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Iska mai daɗi. Yaya ya zo da sassafe da mota a wanke, ya sa wa Inna matashi a baya, ya kawo ruwa da laima da maganin tari ko da za a buƙata. A hanya yana ta raha. Inna ta sa kayanta masu kyau, ta zauna a gaba, fuskarta a miƙe. Auta tana baya.

Filin ajiye motocin ya isa ya ɗauki mota dubu. Yaya ya rage gudu yana nunawa da yatsa.

"Bakwai. Da tamu takwas." Ya juyo yana murmushi har kunne. "Kun gani?"

Wurin shiru kamar makaranta ranar hutu. Dawakan katako suna tsaye, jirgin yara yana tsaye, mai sayar da alewar auduga yana gyangyaɗi a kan kujera. Wani kiɗa yana tashi daga lasifika ba mai saurare. Inna ta kama hannun Auta ta riƙe gam, tana jan ƙafa a hankali, tana taɓa ƙasa kafin ta taka. Yaya yana gaba da tikiti, bai waiwayo ba.

A gindin lilon akwai shingen ƙarfe mai lanƙwasa, wanda aka yi don layi, ya tafi ya dawo ya fi sau goma. Ba kowa a ciki. Mai kula da lilon, wani dattijo mai rigar aiki, ya buɗe musu ƙofar gefe.

"Minti nawa muka jira?" Yaya ya tambayi Auta yana duba agogo. "Faɗi mana."

Ta taimaka wa Inna ta shiga ɗan kejin, ta zaunar da ita, ta zauna kusa da ita. Yaya ya zauna yana fuskantar su. Aka rufe, lilon ya motsa.

Suka tashi a hankali. Rufin rumfuna ya koma ƙasa, sannan kan bishiyoyi, sannan garin ya buɗe gaba ɗaya. Auta ta duba hagu. Ga shi can. Ba ta zaci zai fito haka ba. Katangar kamfanin, da layin gidaje takwas a cikinta, rufinsu ya yi tsatsa. Na uku daga ƙarshe. Tagar ɗakin da aka haife ta, ƙyaurenta ɗaya ya ɓalle. Mangwaron ya yi girma har ya rufe rabin kicin. Kai, har dakalin da Baba yake zama yana cire takalmin aiki ana gani, ciyawa ta kewaye shi.

Lilon ya tsaya cak da su a ƙoli.

"Inna, ga shi mun zo," in ji Yaya, ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. "Duba da kyau. Ba mai hanzarta ki."

Inna ta gyara zama. Ta juya dama, ta ɗaga hannu ta nuna.

"Ga shi can," ta ce. "Ga mangwaron. Allah sarki, bai canja ba."

Wajen da take nunawa filin ajiye motoci ne. Kwalta ce shimfiɗe, da fararen layuka, da motoci takwas.

Yaya ya bi yatsanta da kallo. Ya dubi filin, ya dubi fuskarta, ya sake duban filin. Murmushin yana nan a bakinsa, ya rasa inda zai kai shi. A hankali wayar ta sauko kan gwiwarsa.

"Inna," ya ce. Muryar ba tasa ba ce.

"Na gani, Babba. Allah ya yi maka albarka. Ka zaɓi rana mai kyau."

Wata goma sha ɗaya Auta tana tara maganar da za ta gaya masa. Ta shirya ta a kan keke, ta shirya ta a kan guga, ta san ta farko ta san ta ƙarshe. Ga shi a gabanta, a cikin keji, ba inda zai gudu, ba titin da zai kalla. Ta buɗe baki. Sai ta ji yatsun Inna sun matse mata wuyan hannu, da ƙarfin da ba ta san tsohuwar tana da shi ba.

Ta haɗiye maganar. Ta sa hannu biyu ta kama kafaɗun uwarta, ta juyo da ita hagu a hankali, har fuskarta ta daidaita da gidan.

"Ta nan ya fi fitowa, Inna," ta ce. "Kin ga rufin ya yi ja. Tagarmu ƙyaure ɗaya ya faɗi. Mangwaron ya kai har kan kicin, reshe ɗaya ya leƙa gidan su mai gyaran agogo."

"Dakalin fa?" Inna ta tambaya ƙasa-ƙasa. Ta daina ɓoye komai.

"Yana nan."

"Bai fashe ba?"

"Bai fashe ba. Ciyawa ce dai ta fito a gefe."

Inna ta gyaɗa kai. Idanunta a buɗe suke, suna kallon wajen, ruwa yana bin kumatunta ba ta share ba. Auta ta ci gaba da faɗa mata, famfon, da igiyar shanya da har yanzu take ɗaure a ƙarfenta, da wata akuya da ba a san yadda ta shiga ba. Yaya ya sunkuyar da kai, hannayensa biyu a tsakanin gwiwoyi, har lilon ya motsa suka fara sauka.

A ƙasa dattijon ya matso, ya sa hannu a ƙofar kejin amma bai buɗe ba. Ya leƙo da fara'arsa.

"Ku yi zamanku in kuna so," ya ce. "Yau ba kowa. Sai ku zagaya sau nawa kuka ga dama. Kun iya zaɓen rana, wallahi."

Auta ta dubi wanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka ji, Yaya. Sau nawa muka ga dama."

Bai ɗago ba. Inna ta lalubi ƙofar da tafin hannu, ta samu ƙarfen, ta riƙe.

"Buɗe mana, ɗana," ta ce wa dattijon. "Ya isa haka."